Babi na Shida: Akwati da Kibiya

A manyan kamfanonin fasaha irin su Google, Amazon da Meta, da ɗimbin ƙananan kamfanonin da ke kwaikwayon salonsu na ɗaukar ma'aikata, akwai wani zama da ake yi da mai neman aikin injiniyan manhaja wanda ba a rubuta ko layi ɗaya na kod a cikinsa. Galibi minti 45 ne, wani lokaci awa guda. Mai tambaya zai jefo 'yar gajeriyar jumla, ya ce a tsara masa Twitter, ko manhajar hira irin WhatsApp, ko hanyar tura kuɗi daga wannan asusu zuwa wancan. Sai ya miƙo maka alƙalamin allo ya koma ya zauna. Allon kuwa fari fat.

Idan lokaci ya cika, duk bayanin da ka yi da baki ya bi iska, zanen ne ke saura. Mai tambayar zai je ya rubuta rahoto a kanka, wataƙila da yamma, wataƙila washegari bayan ya gana da wasu, kuma rahoton nan ne zai isa hannun mutanen da ba su taɓa ganin fuskarka ba amma su ne za su yanke hukunci. Abin da zai tuna masa yadda tunaninka ya tafi shi ne akwatuna da kibiyoyin da ka bari. In sun sarƙe, a sarƙe zai tuna da kai, komai daɗin bakinka.

Ba gwanintar zane ake aunawa ba, karkataccen akwati bai taɓa kayar da kowa ba. Yawancin masu shiri akwatuna suke haddacewa: mai raba lodi a gaba, sabobi a tsakiya, ma'ajin kusa a gefe, rumbun bayanai a ƙarshe, sannan a liƙa layin saƙonni a wani lungu don kada a ce an manta. Littattafan shiri irin na Alex Xu da ya fito a 2020, da bidiyoyin YouTube marasa iyaka, sun sa kowa ya san wannan jeri. Akwati ya yi araha ke nan. Wanda ya yi mako biyu yana karatu zai zana maka goma sha biyar ba tare da ya numfasa ba. Kibiyar da ke tsakanin akwati da akwati ita ce ba ta haddatuwa, domin ita ke faɗin wa ke kiran wa, me ya ɗauko, zai tsaya jiran amsa ko zai wuce, kuma me zai faru in amsar ta ƙi zuwa. A kanta ake gane wanda aka taɓa tasa cikin dare saboda sabar ta faɗi.

Mutum zai yi tsammanin sana'a mai shekaru irin wannan tana da alamomin zane da kowa ya amince da su, kamar yadda masu zanen wayoyin lantarki suke da nasu. An gwada. A tsakiyar shekarun 1990 wasu mutum uku a kamfanin Rational Software, wato Grady Booch da James Rumbaugh da Ivar Jacobson, suka haɗa salon zanensu wuri guda suka fitar da UML, kuma a 1997 ƙungiyar OMG ta karɓe shi a matsayin ma'auni. Ya yi ta girma har ya kai nau'in zane 14, kowanne da dokokinsa: kan kibiya a buɗe ma'anarsa daban, a cike daban. Har yau ana koyar da shi a jami'o'i. A ɗakin intabiyu kuwa da wuya ka ga wanda ya bi dokokin nan, mai tambayar da kansa ya manta rabinsu. Nau'i ɗaya ne daga cikin sha huɗun ya cancanci a riƙe shi a aljihu, za mu zo kansa.

Darasin da ya fi amfani daga wani wajen ya fito. A 1995 Philippe Kruchten ya wallafa takardarsa da aka fi sani da 4+1, inda ya nuna cewa tsari ɗaya ba ya shiga hoto ɗaya: yadda mai rubuta kod ke kallonsa daban, yadda mai kula da injuna ke kallonsa daban. Daga baya Simon Brown ya fito da salon C4, wanda ya jera zanen hawa huɗu. A hawa na farko tsarin gaba ɗaya akwati ɗaya ne, kewaye da mutanen da ke amfani da shi da sauran tsarin da yake hulɗa da su. A na biyu an buɗe akwatin, ana ganin kowane sashe da ke gudana da kansa: manhajar waya, sabar, rumbun bayanai. Na uku ya shiga cikin sashe ɗaya, na huɗu ya kai ga kod ɗin kansa. Intabiyu a hawa na biyu take zaune. Akan leƙa na farko na minti ɗaya, akan sauka na uku idan mai tambaya ya nuna wani akwati ya ce a buɗe masa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne gwama hawa biyu a hoto ɗaya: ga akwati da aka rubuta wa sunan dukan cibiyar bayanai, kusa da shi ga wani mai girma iri ɗaya da ke nufin 'yan layukan kod masu tantance lambar waya. Kamar ka tambayi mutum kwatancen gidansa ya ce maka, idan ka wuce Zariya za ka ga randa a bayan ƙofa.

Wanda ya fi kowa koyar da wannan sana'a bai taɓa rubuta manhaja ba. Harry Beck mai zanen injiniya ne a hukumar jiragen ƙarƙashin ƙasa ta Landan. Kafin shi, taswirar layukan jirgin tana bin ainihin shimfiɗar gari, saboda haka tashoshin tsakiyar birni suka cunkushe wuri guda, na bayan gari suka watse nesa. A 1931 ya zana wata sabuwa, aka buga ta ga jama'a a 1933. Ya miƙar da layukan, kowanne ko a kwance ko a tsaye ko a karkace daidai digiri 45. Ya buɗa tsakiyar gari, ya matso da bayan gari. Daga abubuwan da ke saman ƙasa kogin Thames kaɗai ya bari. Taswirar ba ta faɗin gaskiya game da nisa, amma tana amsa tambayar da fasinja ke ɗauke da ita: wane layi zan hau, a ina zan sauya. Mai zane a intabiyu ma tambaya ɗaya zanensa zai amsa a lokaci guda, kuma sai ya san tambayar kafin ya san abin da zai jefar.

Shi ya sa abin da ake fara rubutawa a allo ba zane ba ne. A kusurwar sama ta hagu za ka sa layi uku ko huɗu na abin da tsarin zai yi, ƙarƙashinsu kuma lambobi. Mutum nawa ke shiga a rana, kowanne sau nawa yake rubutu, sau nawa yake karatu. Rana ɗaya sakan 86,400 ce, masu hanzari sukan mayar da ita 100,000 don lissafi ya yi sauƙi, ba kuma wanda zai yi maka faɗa. Waɗannan lambobi su ne za su ba kowane akwati izinin shiga allon. Akwatin da ba za ka iya nuna lambar da ta kira shi ba, bai kamata ya shigo ba tukuna.

Mu ɗauki Twitter, wadda yanzu ake kira X, domin alƙalumanta na gaske suna nan a fili. A ƙarshen 2012 injiniyoyin kamfanin suka bayyana su, Martin Kleppmann kuma ya kawo su a littafinsa na 2017 kan tsara manhajoji masu tarin bayanai. A wancan lokacin ana wallafa saƙo kusan 4,600 a kowace sakan, yakan haura 12,000 a lokacin cunkoso. Buɗe shafin farko don karanta saƙonnin waɗanda mutum yake bi kuwa, sau 300,000 ne a sakan. Rubutu ɗaya, karatu sama da sittin. Duk abin da za a zana daga wannan tazarar zai fito.

Zanen farko akwati uku ne kawai: waya a hagu, sabar a tsakiya, rumbun bayanai a dama. A jikin rumbun ka rubuta abin da ke ciki: masu amfani, saƙonni, da wa ke bin wa. Mutum ya wallafa, a ajiye saƙon a rumbu. Mutum ya buɗe shafinsa, sabar ta nemo waɗanda yake bi, ta tattaro sababbin saƙonninsu, ta jera su bisa lokaci. Wannan tsari yana aiki, kuma da irinsa Twitter ta fara. Masu neman aiki da yawa suna jin kunyar tsayawa a nan, gani suke akwati uku raini ne, sai su yi sauri su cika allon. Ni kuwa ina ganin wannan ne minti mafi daraja a zaman. Ka ɗora 300,000 a kan kibiyar da ke zuwa rumbu, ka ce wa mai tambaya wannan kibiyar ce za ta fara karyewa, domin kowane ɗaya daga cikin karatun nan tattare-tattare ne mai nauyi. Yanzu akwati na huɗu ya sami dalili, kuma mai tambayar ya ga dalilin da idonsa.

Maganin da Twitter ta koma gare shi shi ne a yi wahalar tun lokacin rubutu. Kowane mai amfani a buɗe masa nasa jeri a ma'ajin kusa, wato ma'ajin da ke riƙe bayanai a cikin ƙwaƙwalwar inji mai sauri maimakon faifai. Sun yi amfani da Redis, suka taƙaita kowane jeri ga saƙonni 800 na baya-bayan nan. Da mutum ya wallafa, sai wani sashe ya ɗauki saƙon ya saka shi a jerin kowane mabiyinsa. Mai karatu yana zuwa ya tarar an riga an jera masa. A allo wannan ya ƙaro akwati uku: layin da sababbin saƙonni ke jira, sashen da ke rabawa, da ma'ajin jerin. Sabuwar lamba kuma ta fito. Idan matsakaicin mai rubutu yana da mabiya 75, to 4,600 ɗin nan ta zama rubutu 345,000 a sakan a kan kibiyar da ke shiga ma'ajin. Ka rubuta ta a wurin. Mai tambaya mai wayo zai bari ka gama, sannan ya ce, to mai mabiya miliyan 30 fa? Saƙonsa ɗaya rubutu miliyan 30 ne. Amsar da kamfanin ya nufa ita ce gauraya: ga yawancin mutane a raba lokacin rubutu, ga 'yan tsirarun mashahurai a bar saƙonsu a wuri guda, a haɗo shi lokacin karatu.

A daidai nan ne zane ke rikicewa, domin hanya biyu ne yanzu suke ratsa akwatuna iri ɗaya, ta rubutu da ta karatu. In akwai alƙalami kala biyu, kowace hanya ta ɗauki nata. In babu, a sa wa kibiyoyin rubutu 1, 2, 3, na karatu kuma a, b, c. Amfanin lambar ya wuce tsafta. Tana ba ku abin kira. Mai tambaya zai iya cewa a koma kan mataki na 3, maimakon ya tsaya yana kwatanta wancan layin da ya fito daga wancan akwatin na ƙasa. Kai ma tana tilasta maka ka bi buƙata ɗaya daga wayar mai amfani har ta je ta dawo, kuma a wannan bin ne ake gano kibiyar da ta shiga akwati ba ta fito ba.

Kibiya tana da tambayoyin da dole ta amsa, ta farko kuwa ita ce abin da kanta yake nunawa. Wasu suna nufin wanda ya fara kira, wasu suna nufin inda bayanai suka nufa. Biyun sukan saɓa: sabar ce ke kiran rumbu, amma bayanan daga rumbu suke fitowa. Ko wanne ka zaɓa daidai ne, muddin ka faɗa tun farko kuma ka tsaya a kai. Ni na fi son kan kibiya ya nuna wanda ake kira, domin hakan ne ke bayyana wa ya dogara da wa. Kibiya mai kai biyu kuwa a guje ta. Yawanci mai zana ta bai yanke shawara ba ne, sai ya rufa da ita. Simon Brown ma shawarar da yake bayarwa ke nan: kowane layi ya fuskanci gefe ɗaya, kuma a rubuta masa abin da yake yi. Kalma biyu ko uku sun isa, kamar ajiye saƙo, nemo mabiya, karanta jeri. Kibiya tsirara ba ta faɗin komai sai cewa akwatunan nan biyu sun san juna.

Sai batun jira. Akwai kiran da mai yinsa ke tsayawa cik har amsa ta dawo, akwai wanda ake ajiye saƙo a layi a wuce. Al'adar da ta yaɗu ita ce layi miƙaƙƙe ga na farko, mai ɗigo-ɗigo ga na biyu, tare da ɗan bayani a kusurwar allo don kada a yi saɓani. Wannan bambanci ya fi kowane akwati nauyi. Idan mai amfani ya danna maɓalli, kibiyoyin jira da ke jere a gabansa su ne lokacin da zai ɓata yana kallon allon waya, kuma kowaccensu tana da farashi. Akwai wani jerin alƙaluma da ake dangantawa da Jeff Dean na Google, wanda injiniyoyi suka daɗe suna yawo da shi. Ɗauko abu daga ƙwaƙwalwar inji kusan nanosakan 100 ne. Zuwa da dawowa tsakanin injuna biyu a cibiya ɗaya rabin milisakan ne, wato ninki dubu biyar. Neman wuri a faifai mai juyawa milisakan 10. Saƙo daga Kalifoniya zuwa Holan ya dawo, milisakan 150. Injuna sun ƙara sauri tun lokacin, amma tazarar da ke tsakanin matakan tana nan, na ƙarshen kuwa saurin haske ne ya ɗaure shi, ba kuɗin da zai kwance shi. A allo duk kibiyoyin tsawonsu ɗaya. Saboda haka idan wata za ta tsallaka teku, ka zagaye akwatunan kowane yanki da babban layi, a ga inda ta ƙetare iyaka.

Tambaya mafi wuya ita ce ta amsar da ba ta dawo ba, kuma ba misalin da ya kai na tura kuɗi. Duk mai amfani da manhajar banki ya san zancen an cire amma bai shiga ba. A zane akwati huɗu ne: wayar mai turawa, sabar bankinsa, mahaɗar da ke tsakanin bankuna, da bankin mai karɓa. A Najeriya NIBSS ce ke tsaye a matsayin mahaɗar, amma matsalar ba ta wata ƙasa ba ce, halin duk wata sadarwa ce tsakanin injuna. Sabar ta aika umarni, ta jira, shiru. Wannan shirun fuska uku gare shi. Ko umarnin bai isa ba, ko ya isa ana kan aiki, ko an gama aikin amsar ce ta ɓace a hanya. Daga inda sabar take ba ta iya bambance su. In ta sake aikawa alhali na ukun ne ya faru, an tura kuɗi sau biyu. In ta ƙi sakewa alhali na farkon ne, kuɗi ya maƙale. Maganin da aka sani shi ne kowane umarni ya tafi da wata lamba tasa shi kaɗai, mai karɓa ya riƙa ajiye lambobin da ya riga ya yi wa aiki, in ya sake ganin ɗaya sai ya mayar da amsar farko ba tare da ya maimaita aikin ba. Kamfanin biyan kuɗi na Stripe yana karɓar irin wannan lamba a buƙatun da ake aika masa. Duk wannan a jikin kibiya yake zaune: ka rubuta lambar a kanta, ka nuna inda ake ajiye ta.

A nan ne nau'in nan ɗaya na UML yake amfani, zanen jerin aukuwa. Kowane sashe layi ne a tsaye, lokaci yana gangarowa daga sama zuwa ƙasa, kowane saƙo kibiya ce a kwance daga wannan layi zuwa wancan. Zanen akwatuna yana nuna wa ke magana da wa, ba ya nuna wa ya riga wa. Idan tambaya ta koma kan tsari na kafin da bayan, kamar a cire kuɗi kafin a aika umarni ko bayan an sami amsa, to ka matsa gefen allo ka ja layuka huɗu a tsaye. Minti biyu zai ci, kuma za ka iya soke kibiya ɗaya ka ce, a nan amsa ta ɓace, ga abin da zai biyo baya.

Sunan akwati ba ya buƙatar dogon zance. A sa masa sunan aikinsa, sunan kaya ya biyo baya in an ga dama. Wanda ya rubuta Kafka kawai ya nuna ya taɓa jin sunan abin da LinkedIn ta ƙera ta saki ga jama'a a 2011. Wanda ya rubuta layin sababbin saƙonni ya nuna ya san abin da ke kwance a ciki. Kuma duk sunan kayan da ka rubuta gayyata ce: mai tambaya yana da damar ya ce me ya sa wannan ba waninsa ba, in kuwa ba ka da amsa, da ka bar shi a sunan aiki. Haka rumbun bayanai, wanda aka saba zanawa kamar ganga. Ganga babu rubutu ba ta da amfani. A faɗi abin da ke ciki da mabuɗin da ake nemo shi da shi, domin ranar da aka ce a raba rumbun gida-gida, wannan mabuɗin ne za a yi gardama a kansa.

Shimfiɗar allo ma gajeren zance ce. Buƙata ta taso daga hagu ta nufi dama, ma'ajiyai su zauna a dama ko a ƙasa. Akwatunan farko a yi su ƙanana, a bar fili mai yawa a tsakaninsu, domin duk abin da za a ƙara a tsakani zai shiga. Layuka biyu da suka gitta juna alama ce ta akwatin da ya zauna ba a wurinsa ba. Goge shi a matsar ya fi a zagaya da kibiya ta bayan gari. Sabobi hamsin masu aiki iri ɗaya akwati ɗaya ne, a rubuta adadin a jikinsa.

Tun daga 2020, lokacin da annobar korona ta rufe ofisoshi, yawancin irin wannan zama ya koma ta intanet, farin allo ya koma shafi a Excalidraw ko Miro ko draw.io. Wannan ne ya buɗe ƙofa ga matasa a Kano da Kaduna da Yamai su zauna gaban kamfanonin Turai da Amurka ba tare da biza ba, ya kuma ƙara wa zanen nauyi. Inda murya ke yankewa saboda rashin ƙarfin sabis, mai tambaya zai rasa rabin jumlarka, amma abin da ka rubuta a kan kibiya yana gabansa. Ka tambayi mai shirya zaman wace manhajar zane za a yi amfani da ita, ka saba da ita tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Akwati, kibiya, rubutu: maɓallan nan uku su zauna a yatsunka. Tarin hotunan kayan Amazon da Google da manhajojin ke bayarwa kuwa tarko ne, za ka ɓata minti uku kana neman tambarin da ya dace alhali akwati mai suna ya wadatar. Kuma tunda ba a ganin hannunka, in ka ce wannan, to ka zaɓi abin ko ka kira sunansa.

Kusan kowane zama yana kaiwa inda mai tambaya zai ɗora yatsa a kan akwati ɗaya ya ce, in wannan ya mutu fa? Tambayar ba ta ƙeta ba ce, manyan kamfanoni sun sha faɗawa ramin. A ranar 28 ga Fabrairu 2017 wani injiniyan Amazon ya shigar da umarni da kuskure, aka cire sabobi fiye da yadda aka nufa daga ma'ajin S3 na yankin Arewacin Bajiniya, shafuka masu yawa a duniya suka tsaya na kusan awa huɗu. Shafin da kamfanin ke sanar da jama'a halin da ayyukansa ke ciki shi ma ya kasa sabuntuwa, domin da S3 ɗin ya dogara, sai ta Twitter suka riƙa ba da labari. A ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɓace na kusan awa shida bayan wani umarni lokacin gyara ya katse babbar hanyar da ke haɗa cibiyoyinsu. Kayan aikin da injiniyoyin za su yi gyaran da su daga nesa sun tafi tare da hanyar, dole aka tura mutane cibiyoyin da ƙafa. A duka biyun akwai dogaro na gaske da ba a kula da shi ba sai da ya tsinke.

In an yi maka tambayar, kada ka amsa da ka. Ka soke akwatin a allo, ka bi kowace kibiya da ke shiga cikinsa. Masu layi miƙaƙƙe su ne waɗanda za su tsaya cik. Masu ɗigo-ɗigo saƙonninsu za su taru a layi su jira. A zanen Twitter, in sashen rabawa ya mutu, saƙonni za su makara amma ba wanda zai ɓace. In ma'ajin jerin ne ya mutu, karatu 300,000 ɗin nan za su faɗo kan rumbun da tun farko aka ce ba zai iya ɗauka ba, don haka ma'ajin yana buƙatar kwafi a wasu injunan. Wanda ya rubuta wa kibiyoyinsa suna tun farko zai ba da wannan amsa cikin minti ɗaya, karantawa kawai yake yi.

Akwai kuma dogaron da kusan kowane akwati yake da shi: hanyar da ake fassara sunan shafi zuwa adireshin inji, tantance mai shiga, sa ido kan lafiyar sabobi, ajiyar saituna. In ka ja wa kowanne kibiya, allon zai koma saƙar gizo-gizo. In ka yi shiru a kansu, za a ɗauka ba ka san da su ba. Ka rubuta su a jere a kusurwar ƙasa, ka ce wa mai tambaya da gangan ka bar su a waje. Idan ya zaɓi ɗaya ya ce a buɗe, ka nemi fili a gefe ka yi masa sabon zane, na farkon ka bar shi yadda yake.